Ni na haɗa wa 'yata akwati da hannuna

Salama a gare ku 'yan'uwa. Ni ba marubuci ba ne, kafinta ne, guduma da zarto na sani, dan haka in kun ga rubutun ya ɗan karkace sai ku yi haƙuri da ni. Shagona yana nan Zariya, ina yin gado da kujeru da ƙofofi da bencin makaranta, amma abin da aka fi sanina da shi a unguwa shi ne akwatin gawa. Sana'a ce da mutane ke tsoro, akwai masu tsallaka titi in sun zo daidai ƙofar shagon, wani ma ya taɓa tambayata wai ko addu'a nake yi mutane su mutu dan in samu ciniki, nace masa malam ko na yi ko ban yi ba ai ba a fasawa. Tun ina yaron shago nake ganin mutane suna shigowa da jajayen idanu, babanmu ya rasu, mamanmu ta yi barci, ni kuma in ce sannunku, Allah ya ba da haƙuri, za a sadu ranar tashi, daga nan in jawo tef in tambayi tsawon mamacin da irin katakon da suke so. Bakina ya saba da maganar, shikenan.

A Wusasa aka haife ni, a gindin dutsen nan na yi wayo. Kakata ta wajen uba mutuniyar Gimi ce, ƙauyen Kiristocin nan da ciwon barci ya cinye sama da shekara ɗari da suka wuce, 'yan tsirarun da suka rage aka kwaso su zuwa Zariya wajen Likita Mila, baturen mishan, daga baya a 1929 mishan ya tashi daga cikin birni ya koma Wusasa su ma suka biyo. Tana 'yar ƙanƙanuwa aka binne iyayenta da yayyenta a can, ita kaɗai ta fita a ɗakinsu. Tana da wani tsohon Littafi Mai Tsarki fassarar 1932, bangon ya mutu ta ɗinke shi da ƙyalle, da idonta ya yi rauni sai ta riƙa sa mu muna karanta mata da yamma. In aka yi zancen Gimi bata cewa sun mutu, sai tace mutanenmu suna can kwance suna jiran ƙaho. Mu yara dariya abin ke bamu, har mu samo ƙahon saniya mu laɓe a bayan ɗakinta muna busawa mu ga ko za ta fito da gudu, ita kuwa ta fito da muciya ta bi mu. Ran Lahadi kuma a tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasar nan, mu miƙe tsaye mu faɗi shaidar bangaskiya, mun ba da gaskiya ga tashin jiki da rai na har abada, baki na faɗa zuciya na can wajen shinkafar da ke jiranmu a gida.

Na yi aure a 1999. Lokacin ba wanda ya ce mana ku je ku yi gwajin jini, mu ma bamu san akwai wani abu a jini wai AA da AS ba, kuna son juna iyaye sun yarda sai a sa rana. A 2001 Allah ya bamu 'yar fari, na sa mata sunan mahaifiyata dan haka ban taɓa kiran sunanta ba, Mamana nake ce mata. Tana wata bakwai hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura suntum, kuka ba dare ba rana, in ka taɓa ta sai ta ƙara ƙwalla ihu. Tsofaffi suka ce haƙori ne, wasu suka ce sanyi ne ya shige ta, wata maƙwabciya ta ja matata gefe tace a bincika dai ko an sa mata hannu. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka kai ta asibitin koyarwa na ABU, lokacin yana Tudun Wada bai koma Shika ba, aka ɗebi jininta aka ɗebi namu. Likitan ya zaunar da mu ya ɗauko takarda ya zana mana, yace kai AS ne matarka AS ce, duk cikin da za ta ɗauka kashi ɗaya cikin huɗu zai iya zuwa SS, kuma ba wai in an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba, kowane ciki sabon lissafi ne. Yace ƙwayoyin jinin yarinyar maimakon su zauna a zagaye sai su lanƙwashe su yi siffar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, nan ne ciwon ke tashi, kuma ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120 amma tata da ƙyar take kai kwana 20, shi yasa kullum jininta a ƙasa yake. Sikila kenan, amosanin jini. Daga baya na ji ana cewa jarirai wajen 150,000 ake haifa da shi duk shekara a Najeriya, ba ƙasar da ta kai mu, amma ranar ni dai gani nake mu kaɗai ne a duniya.

Wanda bai taɓa kwana da mai sikila ba ko an faɗa masa ba zai gane ba. Ciwon baya sallama. Za a ci tuwon dare lafiya lau ana hira, can wajen ƙarfe ɗaya sai ka ji wani irin nishi daga ɗakin yara, kafin ka laluba takalmi ya zama ihu. Uwarta ta hura gawayi ta ɗora ruwa, ni in zauna a bakin katifa in ɗora ƙafafunta a cinyata ina matsawa, tana cewa Baba nan, a'a ƙasa, Baba cikin ƙashin ne ba sama ba, danna da ƙarfi, in na danna tace wayyo ka bari, in na bari tace dan Allah ci gaba. A tsoma tawul a ruwan zafi a matse a naɗe mata gwiwa, a yi ta ɗura mata ruwa ko bata so, in asuba ta yi bai lafa ba a nemo mota a tafi asibiti, a sa mata ruwa a yi allura a auna jini ace ya sauka sai an ƙara, gashi namu ni da uwarta ba a son sa mata tunda AS ne, sai an bi mutane ana neman mai AA da jininsu ya zo ɗaya. Hunturu shi ne babban abokin gabarmu, sai farkon damina. Kullum da safe folik asid da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, suwaita da safa ko sauran yara na yawo ba riga, ba wanka da ruwan sanyi, ba shan iska da dare. Bayanta mun samu yara uku, Allah ya sa ba SS a cikinsu, to in aka tsuge da ruwan sama su ukun nan su tuɓe su fita tsakar gida suna tsalle ƙarƙashin indararo, ita kuma tana bakin taga a naɗe da bargo tana yi musu alƙalanci, wane ka faɗi, wance kin fi kowa tsoro. Tana shekara goma sha huɗu ƙugunta na hagu ya fara cinyewa ta fara ɗingishi. Amma bakinta kam lafiyarsa ƙalau, in yara suka tsokane ta da idonta da ya yi ɗorawa za ta wanke su tas su koma gida da kuka, kuma tana cikin kwaya, wato mawaƙan majami'a, duk ran da ƙafa ta bar ta tana can gaba.

Akwai wata shekara da wata 'yar'uwar matata ta kawo mana wani mai addu'a har gida, da kwat da kwalbar mai. Ya zagaya tsakar gida yana rurrufe ido, can yace an nuna masa sana'ata ce ta jawo ruhun mutuwa cikin gidan, wai in rufe shago, yarinya ta daina shan magani dan shan magani rashin bangaskiya ne, sannan mu shuka iri, ya faɗi kuɗin. Nace masa bawan Allah ga ƙofa can. Ni na yarda Allah yana warkarwa, mun yi azumi mun yi addu'a har gwiwa ta yi kanta, zumuntar mata sun sha kwana a gidanmu, amma duk wanda zai ce wa mai sikila ta ajiye magani, wannan ya je ya nemi wata sana'ar. Na san gidajen da suka bi irin wannan maganar, ni aka zo wa da awon.

Abin da yasa ma na zauna nake wannan rubutun wata tambaya ce da ta yi min tana shekara goma sha shida. Ta tashi daga wata doguwar jinya kenan, zaman gida ya ishe ta sai ta biyo ni shago, ta zauna a benci tana kallona ina goge murfin wani akwati da samfefa. Can sai tace Baba wai wannan tashin jikin da muke faɗa ran Lahadi, da wannan jikin nawa za a tashe ni? Ban ko ɗago ba nace eh mana. Tace to in da shi ne ni dai a bar ni in yi kwanciyata, na gode. Ta faɗa tana dariya, amma da na kalle ta na san ba wasa take ba. Ni da nake raba wa mutane zancen ranar tashi safe da yamma sai gani tsaye da samfefa a hannu ba amsa.

Da yamma na je na samu wani tsohon katikis da ya koya mana karatu muna yara, ya daɗe da ajiye aiki ya koma gonarsa. Washegari sai gashi a gidanmu a kan kekensa, yaƙi zama a kujera ya zauna a tabarma kusa da ita, yace jikata an ce kin ƙi tashi. Ya buɗe Korintiyawa ta fari sura 15 ya ba ta yace ita za ta karanta, daga inda Bulus ke cewa wani zai tambaya ta yaya ake ta da matattu, da wane irin jiki za su zo. Yace kin gani, ba ke kika fara tambayar ba, mutanen Korinti sun riga ki. Ta karanta inda aka ce ana shuka jiki da rauni a tashe shi da ƙarfi, ana shuka shi yana ruɓewa a tashe shi ba ruɓa. Shi manomi ne, sai yace mata kin san shukar binne, manomi ya ɗauki geron da ya hana 'ya'yansa ci ya je ya tura shi cikin busasshiyar ƙasa tun sama bata ko haɗa hadari ba, wanda bai sani ba sai yace zubarwa yake, to abin da zai fito in ruwa ya sauka gero ne dai ba dawa ba, naki ne ba na wani ba, amma wa zai haɗa ƙwayar da aka binne da zangarniyar da ta tsaya ta fi mutum tsawo. Daga nan ya kai ta Luka 24 da Yohanna 20, yace dubi Ubangiji da kansa, da ya tashi ba inuwa ba ce, yace su taɓa shi su ji fatalwa bata da nama da ƙashi, ya tambaye su ko akwai abinci suka ba shi gasasshen kifi ya ci a gabansu, ya nuna wa Toma gurbin ƙusoshi. Tabon yana nan dan su san shi ne, amma ciwon ya tafi, mutuwa bata da sauran iko da shi. Yace shi ne nunan fari, in ka ga nunan fari ka san sauran gonar na tafe. Ta yi shiru can tace to Kaka, kenan zan iya gudu? Yace har ki gaji da jiran Babanki a gaba. Tace to ni abu na farko da zan yi wanka a ruwan sama, kuma kar wanda ya biyo ni da suwaita. Muka yi ta dariya, uwarta na bakin murhu tana share ido da bakin zane.

Ta gama sakandare da ƙyar saboda yawan fashi, burinta makarantar koyon aikin jinya, tace ita ta san inda allura ke da zafi. A watan Janairun 2020 hunturu ya yi tsanani, sai ta fara da zazzaɓi da ciwon ƙirji, wannan karon ba ƙafa ba, numfashi ne yake gagararta. Muka kai ta asibiti aka sa mata iskar oksijin aka ce jini. Matasan majami'a suka zo suka yi layi, kuma ba zan manta ba, ɗan Alhajin da nake sayen katako wajensa a Sabon Gari shi ma ya zo ya miƙa hannu, ubansa ne ya turo shi tunda ya ji AA ake nema. Likitoci da nas-nas sun yi iya yinsu, na gani da idona. Daren ƙarshe ta janye abin hancin tace Baba ka je ka ci abinci ka yi wanka, warin katako kake. Maganar ƙarshe kenan da ta yi min. Kafin kiran assalatu ta cika a hannun uwarta, tana da shekara goma sha takwas.

Yaran shagona suka ce oga ka zauna a gida mu za mu yi. Nace a'a ku buɗe min shago ku tafi. Ban ɗauko tef ba, me zan auna, ƙafafun da na shekara goma sha takwas ina matsawa. Na zaɓi farin katako marar nauyi, na yanka na goge na haɗa, kuma duk ƙusar da zan buga sai na tsaya na share ido dan bana ganin kanta. Da na zo shimfiɗa soso a ciki kafin in ja farin yadi, sai na ga hannuna ya yanko wani soson ya ninka shi biyu ya sa a gefen hagu daidai inda ƙugunta zai kwanta, dan bata iya kwanciya a wannan ɓarin in wurin da tauri. Na san bata ji. Na bar shi a haka na ja yadin na rufe. Babban yarona na shago ashe bai tafi ba yana tsaye a ƙofa, bai ce komai ba ya ɗauki burushi ya shafa banis ɗin.

Daren waƙe-waƙe zumuntar mata suka cika tsakar gida da tulunansu da caki, 'yan kwaya suka ajiye kujera ɗaya a gaba ba kowa a kai. Jama'a sun yi mana kara, Allah ya saka. Amma akwai masu ta'aziyyar da da sun yi shiru ya fi, wata tace ai gara haka ta huta ku ma kun huta, wani ya dafa ni yace haba dattijon ikkilisiya da kuka, ina bangaskiyar taka, ai mu masu bi bama kuka. Na haɗiye dai. A bakin kabari Rabaran kamar ya ji su, yace kar wanda ya hana iyayen nan kuka, Yesu ya tsaya a kabarin Li'azaru ya san sarai yanzu zai kira shi ya fito, ya riga ya faɗa wa Marta shi ne tashin matattu shi ne kuma rai, duk da haka ya yi hawaye har Yahudawa suka ce dubi yadda yake ƙaunarsa. Yace Bulus ma bai ce wa Tasalonikawa kar su yi baƙin ciki ba, cewa ya yi kar su yi irin na waɗanda basu da bege. Daga nan aka zuba ƙasa, ƙasa ga ƙasa, toka ga toka, ni kuwa ƙarar ƙasar a kan murfin da na goge da hannuna ita ce ta karya ni, sai riƙe ni aka yi. Alhaji mai katako ya zo da mutanensa suka zauna a tabarma a ƙofar gida, yace ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, duk can za mu, akwai ranar tsayuwa. Shi da imaninsa ni da nawa, ba mu taɓa ɓoye wa juna inda muka bambanta ba, amma ranar ya zauna da ni har rana ta faɗi, kuma kuɗin katakon nan har yau yaƙi karɓa.

Bayan baƙi sun watse ne ainihin makokin ya fara. Na daina karɓar aikin akwati, duk wanda ya zo in tura shi wani shagon. Addu'a ta gagare ni, in na durƙusa ba abin da ke fitowa sai me yasa. Matata ta koma kwana a katifar yarinyar, muna gida ɗaya amma daga ina kwana sai ga abinci, kowa yana tsoron ya buɗe baki ya ce jinina ne ko jininka ne. Wani lokacin cikin dare in tuna da kakata da ƙahonta, in ce yau shekara ɗari mutanen Gimi suna jira, anya kuwa. Eh na yi wannan tunanin, kuma ba sau ɗaya ba. Ana haka korona ta shigo, ƙarshen Maris gwamnatin Kaduna ta sa dokar kulle, ba kasuwa ba shago ba majami'a ba masallaci, sai muka rasa ko inda za mu gudu mu bar juna.

Ista ta shekarar ta faɗo ran 12 ga Afrilu. Tunda na yi wayo ban taɓa rasa zuwa majami'a ran Ista ba sai ranar. Da asuba ina kwance ido biyu sai na ji muryar matata a tsakar gida ta ɗauko waƙar tashi ita kaɗai, muryar na rawa, wadda tun Janairu ban ji ta ɗaga murya ba. Sai wata maƙwabciyarmu 'yar zumunta ta amsa ta bayan katanga, can wani gidan ma suka ɗauka, wani ya ƙwalla Yesu ya tashi, aka amsa daga gidaje lallai ya tashi, ba wanda ke ganin wani. Na fito na zauna a kan turmi. Muka sa ɗanmu na biyu ya karanta Yohanna 20, da ya zo inda almajirai suka kulle ƙofa suna ciki dan tsoro sai autarmu tace laa su ma an sa musu dokar kulle, muka yi dariyar farko a gidan tun rasuwar. Ni kuwa abin da ya kama ni shi ne mutanen nan ba jarumai ba ne, sun gudu sun bar shi, Bitrus ya yi musunsa, da mata suka zo da labarin kabari ba kowa suka ɗauka shirme ne, biyun nan na hanyar Imuwasu har sun kama hanyar gida suna cewa da mun sa zuciya. Irina ne sak. To me ya fito da su daga ɗakin nan suka shiga tsakiyar Urushalima suna shela har aka daddake su aka kashe wasunsu basu janye ba, in ba sun gan shi ba? Bulus har cewa ya yi sama da mutum ɗari biyar sun gan shi lokaci ɗaya kuma yawancinsu suna da rai lokacin da yake rubutun, wato mai shakka ya je ya tambaya. Kuma shi da kansa yace in Almasihu bai tashi ba bangaskiyarmu banza ce, mun fi kowa zama abin tausayi, bai bar wa kansa hanyar zillewa ba. Ni mutum ne mai son in jijjiga abu in ga ko haɗin ya kama kafin in ce a ɗauka, na jijjiga wannan iya ƙarfina a watannin nan bai saki ba.

Kar ku ɗauka daga ranar kuka ya ƙare. Ruwan farko da aka yi a shekarar yara suka fita tsakar gida ni kuma na shige ɗaki na rufe ƙofa, har yau farkon damina bana son a yi min magana. Amma a daren Istar ne ni da matata muka yi zancen da muke ta gudu. Tace Baban yara da an yi mana gwajin nan da ba mu yi aure ba ko? Nace wataƙila. Tace da kuma ba a haife ta ba kenan. Muka yi shiru, dan ba mai iya cewa da ma ba a haifi Mamana ba a cikinmu, kuma ba mai iya cewa yana so wani yaro ya sha abin da ta sha. Har yau bamu warware wannan ba, mun dai daina zargin juna, ta dawo ɗaki.

Da aka buɗe gari na koma yin akwati. Abin da ya canza shi ne yanzu bana saurin cewa komai, in mutum ya shigo sai in ba shi benci da ruwa tukuna, in yana son kuka ya yi, tef ɗin na iya jira. Kuma ina faɗa musu gaskiya ko da ciniki zai ragu, kar ku ci bashi ku sayi na madaci mai hannun zinariya dan kunyar mutane alhali marayu na gida ba kuɗin makaranta, duka ƙasa ɗaya za su shiga, kuma wanda zai tashe shi ba zai duba banis ba. Wasu su ji wasu su ce sai mai tsadan, in yi musu. In iyayen mai sikila ne kuwa bana karɓar kuɗin aiki, na katako kawai.

Yanzu ga wata sabuwa a gidan. Ɗana na biyu, wanda ya yi mana karatun nan, AS ne kamar ni, ya kawo min zancen wata yarinya 'yar kwaya mai hankali, uwarsa har ta fara lissafin ankon biki. Nace kafin in taka gidan iyayenta sai na ga takardar gwajin jininta, kuma a asibiti biyu daban-daban dan ana samun kuskure. Ya ɓata rai yace Baba kai da kake cewa mutuwa ba ita ce ƙarshe ba, ina bangaskiyar? Nace ita ce ta sa nake tsaye a gabanka ban haukace ba, amma kai ma ka sha riƙe tawul ɗin ruwan zafi da ƙarfe ɗayan dare, ka tuna ihun. Kwana biyu baya cin abinci a gida. Jiya dai yarinyar da kanta ta zo ta durƙusa ta gaishe ni tace Baba na yarda, ran Talata za mu je gwajin.